Ige da Zauren Zabuwa

Da kakar bana Ige ta cika shekara goma sha biyu a ƙasa, ni kuma na cika shekara goma sha biyu ban ji wanda ya kushe aikina a gaban idona ba. Wanda bai san sana'armu ba zai ce ai hutu na samu. Ni dai na san tun ranar da ta rasu nake aiki da fargaba.

Ige taubashiyata ce, ɗiyar kawuna na Kwargaba, sana'arta saƙar faifai. Ni kuwa, Jabbi, zanen bango nake yi a nan Wurno. Idan magina sun gama, sai in shafa ƙasa in fitar da dagi da takobi da yatsa tun tana ɗanya, in ta sha iska in bi da farar ƙasa da ja da shuni. Duk abin da za a gyara, a ɗanyen nan ake gyara shi. In ta bushe, sai dai a rushe ko a haƙura.

Tun da mijinta ya rasu ta shiga bin kasuwanni da faifanta, ba na fara aiki a gari ba ta ji labari ba. Sai in ji sallama a bayana, ta ajiye kaya, ta ja da baya har bakin ƙofa, ta karkata kai. Daga nan sai abin da Allah ya yi. Takobina ya yi kama da muciya, dagin hagu ya ci abinci ya bar na dama da yunwa, jan ya yi yawa sai ka ce an yi yanka a ɗakin. Da wani ne ya faɗa mini haka da mun kai gaban alƙali, amma taubashi ba a yi masa fushi, kuma ta san da haka sarai. Abu ɗaya ne ba ta taɓa yi ba. In bango ya bushe, bakinta ya rufu ke nan, ko a gabana ko a bayan idona. Har faɗa na ji ta yi a kasuwar Tursa da wata da ta zagi aikin da ita kanta ta yi wa kaca-kaca yana ɗanye.

Shekarar da wani falke mai suna Modi ya kira ni Rabah in yi masa zaure, Ige tana Goronyo wajen jegon ɗiyarta. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Modi ya ce in zana masa buta a saman ƙofa, don duk baƙon da ya shigo ya san gidan masu salla ne. Na zage na yi buta, na ja mata dogon baki, na yi mata gindi da layi biyu, na shafe ta da shuni. Da na ga ba mai tsawata mini, sai na bi ta da ɗigon farar ƙasa don ado. Duk wanda ya leƙo sai ya ce ma sha Allah, sai Jabbi. Modi kansa tumaki ya sa aka yanka.

Bango na bushewa aka fara cewa zabuwa na zana, ba buta ba. Mai neman hanya sai a ce masa ya bi ta gidan zabuwa. Modi da ya yi shekaru yana tara mutunci a hanyar goro ya wayi gari sunansa Modi Mai Zabuwa. Ranar da wani baƙauye ya yi sallama yana tambayar ko ana sayar da ƙwai, ranar Modi ya aiko mini cewa zai bi fatake ɗaya bayan ɗaya, daga Rabah har Goronyo, ya tabbatar ba wanda ya sake ba ni ko bangon akurki. Ga iyali, ga shi ban iya noman kirki ba. Na tsorata ƙwarai.

Da Ige ta dawo na tafi Kwargaba da kaina na ɗauko ta. Ta tsaya a bakin ƙofar zauren, ta karkata kai, ta daɗe tana kallo. Na ce ta yi magana mana.

"Ta bushe, Jabbi," in ji ta. "Mi kaka so in ce?"

Na roƙe ta, na haɗa ta da zumunci, Modi na gefe yana huci. Sai ta ce a kawo mata ruwa ta sha. Aka kawo ƙwarya cike, ta yi bisimilla ta kurɓa, ta watsa sauran a kan butar, ta ce a ƙaro. Sai da ta ga shuni na gangarowa sannan ta gyara tsayuwa.

"To, yanzu ta jiƙa. Wanga wuya rage shi rabi. Ƙahwahun ga cire su, buta ba ta tahiya kiwo. Ɗigon ga kuwa, wa yac ce maka buta na da gashi? Amma dagin nan na gehe, kak ka taɓa shi, ba ka taɓa yin irinai ba."

Na kankare, na sake, buta ta fito buta. Modi ya huce, har ya haɗa ni da wani aikin. Sunan ne dai ya ƙi kankaruwa. Har yau Zauren Zabuwa ake ce da shi, baƙi su shiga su yi ta ɗaga kai suna neman tsuntsuwa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Samarin masu zane sun samu shuni da araha, suna zuba shi kamar marina, masu gida kuma suna ta yaba musu a zaure suna dariya a kasuwa. Na gwada bin sahunta, na je wa wani a Dinawa tun aikinsa na ɗanye, na ce dagin ya karkace. Ya ce hassada ce irin ta tsofaffi. Bai yi laifi ba, ni ba taubashinsa ba ne, kuma na manta ban nuna masa abin da ya yi daidai ba, wanda Ige ba ta taɓa mantawa. Ni kuwa yanzu na zama Baba Jabbi, idona ya fara hazo, kowa sai ya ce sai Baba. Ko zabuwa nawa na zana tun bayanta, Allah kaɗai ya sani, don ba mai faɗa mini. Wannan ce kewar da ta fi ci mini rai.

Ranar da muka kai ta, ni na shafe ƙasar kabarin da hannuna bayan an yayyafa ruwa. Jama'a suka yi addu'a suka juya. Ni kuwa sai na samu kaina na ja da baya, na karkata kai kamar yadda take yi. Gefen hagu ya fi tudu. Na tsaya ina jira a faɗa mini, ba wanda ya ce komai. Sai na durƙusa na gyara shi tun ƙasar tana ɗanya. Allah ya jiƙan Ige, ya sa ta huta.