Zarton Ustaz Fikri

Ƙarfe bakwai yake shiga rumbun kaya na tashar jiragen ruwa, da burodi da wake a takarda, da ƙaramin zarto a aljihu. Shekara talatin da ɗaya ke nan Ustaz Fikri Shahata yana tantance kayan famfo na roba, yana faɗin rukunin harajin da kowanne ya faɗa ciki. Abokan aikinsa takarda suke karantawa. Shi sai ya yanka ya gani.

Ni dillalin fito da kaya daga tashar ne, kuma na taɓa tsanarsa. Wata shekara maigidana, Hajji Mitwalli, ya shigo da kwantena cike da gwiwar bututu. Muka rubuta cewa na ban-ruwan gona ne, domin harajinsu kaɗan ne, kuma ba a kai su gwaji. Ustaz ya ɗauki ɗaya ya tsaga, sai ga zoben tagulla a ciki.

"Hajji, wace gona ce ake ɗaura wa kan famfon kicin?"

"Haba Ustaz, roba ai roba ce! Ko gidan ubanka za a saka?"

"Ubana ya rasu. Gidan jikokinka nake ji."

Ya mayar da su rukunin kayan ruwan sha, aka kai gwaji, aka sami dalma mai guba a ciki. Hajji ya kore ni a ranar. Wata bakwai ina zaune, 'ya'yana na kallona.

Har yau abin yana cina. Yunwar gidana na gan ta da idona. Yaran da suka tsira daga ruwan nan kuwa ba wanda ya san sunansu, su ma ba su san sun tsira ba. Yaya ake auna wannan da wancan? Ban sani ba. Na dai san ba na iya kallon 'yata Nuha tana shan ruwan famfo ban tuna da Ustaz Fikri ba.

Kai ne mai gadin da ba a gani, Ustaz. Na gode, duk da abin da ka ja mini.

Ranar Alhamis zai ajiye aiki, kuma tsoro nake ji. Na tambaye shi wa zai bar wa zarton.

"Yana cikin durowa," ya ce. "Ban kulle ba."

Ku da za ku gaji teburinsa, don Allah ku buɗe ta.