Babakura da Giwan Ruwan da Aka Saka

Babakura ɗan Doron Baga ne. A cikin kwale-kwale ya girma, ya shekara talatin da wani abu yana su a Tafkin Chadi kafin tashin hankali ya kore shi zuwa Maiduguri, shi da matarsa Yagana da 'yarsu Rahmat. Ya sami ɗaki biyu a Gamboru, ya kafa tebur a bakin kasuwa yana sayar da banda. Mutum ne dogo, mara yawan magana, Hausarsa da nauyin Barbarci a kanta. Idan kewar ruwa ta dame shi, sai ya hau mota zuwa madatsar Alau, ya ari kwale-kwalen wani tsohon abokinsa, ya wuni yana jefa fatsa ko ya samu ko bai samu ba.

Surukinsa Hashim, mijin Rahmat, direba ne a wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyin burtsatse. Wata Laraba ya zo bakin tebur ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce akwai wani injiniya a ofishinsu, mutumin Kenya, sunansa Godwin, yana neman wanda ya san ruwa ya raka shi kamun kifi ranar Asabar. Babakura ya tambaya ko mutumin ba shi da abinci ne a masaukinsa. Hashim ya yi dariya ya ce a'a, sha'awa ce kawai. Babakura bai gane ba, amma ya amsa saboda surukinsa.

Ranar Asabar da hantsi suka isa Alau su uku, Hashim yana fassara. Godwin baƙi ne wuluk, gajere, mai fara'a. Ya fito da wata doguwar sanda siririya da ya harhaɗa gaɓa-gaɓa, sannan ya buɗe wani ƙaramin akwati. Babakura ya leƙa yana tsammanin ganin tana ko guntun sabulu, irin abin da aka saba sa wa ƙugiya. Abin da ya gani ƙugiyoyi ne an ɗaure musu gashin zabo da na zakara da zare mai ƙyalli, wasu kamar fara, wasu kamar mazari, wasu kamar ƙaramin kifi. Ya ɗauki ɗaya ya sansana. Babu warin komai. Ya ce wa Hashim ya gaya wa baƙon kifin Borno ba ya cin gashin tsuntsu.

Godwin ya ce shi dai a kai shi inda manyan kifaye ke kwanciya. Wannan kam Babakura ya sani. Ya tuƙa su zuwa wani lungu inda itatuwa suka nutse, ya nuna da haɓa. Baƙon ya miƙe tsaye a cikin jirgi yana kaɗa sandar gaba da baya, zaren yana shawagi a iska kamar bulala, sannan ya sauke shi a hankali daidai inda aka nuna masa. Haka suka yi har la'asar ba su kama komai ba, amma mutumin sai murna yake yi.

A hanyar dawowa Godwin ya nuna musu hotuna a wayarsa. Wani kogi ne a kan dutse, ruwan garau har ana ganin tsakuwa, ga gidajen katako a gefe da hayaƙi yana fita ta rufinsu. Ya ce mutane suna tasowa daga ƙasashe masu nisa su kwana a gidajen nan mako guda, a dafa musu abinci, a hura musu wuta saboda sanyi, da safe wani ɗan gari ya kai su inda wani kifi mai ɗigo-ɗigon ja yake. Mahaifinsa ma aikin da ya yi ke nan har ya tsufa. Babakura ya dubi hoton kifin, bai fi tsawon kamu ɗaya ba. Ya tambaya ko a ƙasashen mutanen babu kasuwar kifi ne. Hashim bai fassara wannan ba.

Sai a Asabar ta uku abin ya faru. Rana ta ɗan karkata, Godwin ya sa wata ƙugiya mai farin gashi, ya jefa kusa da wani kututture. Ruwan ya buɗe, sandar ta lanƙwashe har bakinta ya taɓa ruwa. Tun daga yadda jirgin ya fara tafiya da kansa Babakura ya san abin da ke ƙasa. Sun fi rabin awa ana ja, Babakura yana juya jirgin da filafili don kada zaren ya sarƙe a itace. Da kifin ya gaji ya taso, sai ga giwan ruwa, fari sol, ya kai tsawon ƙafar mutum tun daga ƙugu. Tun da ya bar Baga bai sake ganin irinsa ba, kuma masuntan Alau sun daɗe suna cewa ya ƙare a wurin.

Shi da kansa ya rungumo shi cikin jirgi. Akwai wata tsohuwar tsaga a jelarsa. Ya laluba ƙarƙashin benci ya ɗauko kulki zai buga masa a ka, sai Godwin ya riƙe masa hannu. Baƙon ya cire ƙugiyar a hankali, ya ce Hashim ya ɗauke su hoto, sannan ya sunkuya ya mayar da kifin cikin ruwa, yana tallabe da cikinsa har ya farfaɗo. Kifin ya kaɗa jela sau ɗaya ya nutse.

Babakura ya tsaya da kulki a hannu, bakinsa a buɗe. Ya daɗe yana kallon inda ruwan ya rufe.

"Hashim, kuɓuce masa ya yi?"

"A'a, Baba. Sakinsa ya yi. Wai haka suke yi."

"Abincin gida goma ne fa ya tafi."

Daga nan suka kamo hanyar gari. A gida ya kasa cin tuwo. Da ya ba Yagana labari, ta ajiye ludayi ta tambaye shi ko mutumin yana da lafiya, ta kuma ce kada ya sake shiga ruwa da wanda ba a san abin da ke kansa ba. Ya yarda da ita, ya aika wa Hashim cewa ya gama.

Kwana huɗu bayan haka, yana jera banda a teburinsa, sai ya ji hayaniya a rumfar Audu, maƙwabcinsa mai sayar da ɗanyen kifi. Mutane sun taru. Ya matsa ya duba, sai ga giwan ruwa shimfiɗe a kan buhu, an kawo shi daga Alau da safen nan, wai a raga ya faɗa. Babakura ya kai hannu ya juya jelar. Tsagar tana nan.

Abin da ya ji a ransa shi ne ya fi ba shi tsoro. Shi da ya kashe kifin da ba zai iya ƙirgawa ba, shi da ya ɗaga kulki a kan wannan ɗin, sai ya ji kamar gawar wani sananne aka kwantar a gabansa. Audu ya miƙo masa wuƙa ya taya shi yankawa, tun da ya fi kowa sanin gaɓar giwan ruwa. Babakura ya ce hannunsa yana ciwo, ya koma teburinsa ya zauna ya juya baya. Yana jin saran adda har aka gama.

Da yamma ya sa Hashim ya kai shi masaukin Godwin, domin yana ganin bai kamata mutumin ya ci gaba da zaton kifinsa yana yawo a ruwa ba. Ya faɗa masa komai. Godwin ya cire tabarau ya goge, sannan ya tambaya wa ya saya. Babakura ya ce wata mata ce mai bikin suna ta ɗauki rabi, sauran masu abinci suka raba. Godwin ya gyaɗa kai ya ce to an ci ke nan.

Daga nan ya faɗi abin da bai faɗa ba a da. Ya ce kogin nan na hoto, an hana 'yan garin kama kifin cikinsa, na baƙi ne kawai. Mahaifinsa ya shekara talatin yana nuna wa mutane inda kifin yake, yana cire musu ƙugiya, amma ko sau ɗaya bai taɓa kawo shi gida an dafa ba. Shi kansa Godwin sai da ya girma ya je birni ya ɗanɗana shi a wani otal.

Babakura ya sa Hashim ya maimaita fassarar, don yana zaton bai ji daidai ba.

"Shekara talatin a bakin ruwa, 'ya'yansa ba su ci ba?"

Hashim ya ce haka ya ce. Babakura ya riƙe haɓa yana salati a hankali. Washegari ya zaɓi bandar tarwaɗa mafi kyau a teburinsa, Yagana ta yi miya da ita, aka kai wa baƙon a kwano.

Babakura ya koma raka shi ruwa har aikin rijiyoyin ya ƙare, Godwin ya tafi ƙasarsu. Sun yi sharaɗi a tsakaninsu: abin da baƙo ya kama nasa ne, ya saka in ya so, abin da Babakura ya kama kuma na tukunya ne. Ta bakin Hashim labari ya bazu, yanzu wasu malaman jami'a da ma'aikatan ofis sukan neme shi ranar Asabar ya kai su ruwa, su wuni a ƙarƙashin wata rumfar zana da ya kafa a bakin gaɓa. Sauran kwanaki yana Gamboru a bakin teburinsa. Masu sayen banda sukan ce ya ba su labarin mutumin da ya kama giwan ruwa ya saka, kuma yawancinsu ba sa yarda sai an kira Audu ya shaida cewa shi ya yanka shi.