Kanae da Bakin Ledar Shayi

Ana ta yaɗawa a danginmu na Shizuoka wai Kanae, 'yar kawuna, ta fara aiki a kamfanin ganyen shayi da safe, kafin rana ta take ta kori manaja ta haye kujerarsa. Ƙarya ce! Kujerar Kanae na nan a bakin ƙofa inda ake ajiye sababbi, iska na kaɗa mata ƙeya.

Ga yadda aka yi. Ba a ma tabbatar mata da aikin ba, ta lura ledar shayinsu ba ta yaguwa sai da almakashi. Kakarmu da haƙori take fama da ledar, haƙoran ma na roba. A taron farko yarinyar nan ta ɗaga hannu ta ce a yi wa bakin ledar 'yar tsaga. Manaja Horiuchi ya zuƙi iska ta haƙora, ya ce za a duba. Ta dawo gida tana rawa don murna. Ni da ban ƙare sakandare ba na san an binne maganar.

Daga nan ko cin abincin rana aka daina kiranta, ta fara tsoron sallama. Sai wata daɗaɗɗiyar ma'aikaciya, Nagase, ta ja ta gefe ta ce ba a kai magana taro sai an bi kowa shi kaɗai ya yarda, taro na gyaɗa kai ne kawai.

Kanae ta shiga farauta. Ta tare mai kula da inji a matakala, ta bi na talla har wurin shan taba tana tari, ta rusuna har bayanta ya koma baka. Manaja kuwa leda ta miƙa masa, wai hannunta ya gaza. Ya ja, ya murɗa, ya yi gumi.

A taro na gaba Horiuchi ya gyara murya ya ce wata dabara ta zo masa: a yi wa bakin ledar 'yar tsaga. Kowa ya gyaɗa kai. Aka ɗora Kanae a kan aikin, aka tabbatar da ita.

Ranar da muka taru cin taliya na ce, "Ranki ya daɗe, ke da wahala, shi da suna?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ya riƙe sunan, ni na riƙe aikin. Kai fa, Tetsu, tun da aka haife ka wace shawara ka taɓa kawowa ban da a ƙara maka romo?"