Takalmin da Inna ta sa na mayar

Ina gwada takalmin hawan dutse da na sayo daga Yamai don tafiya duwatsun Maroko, sai kakata Inna ta duƙa ta latsa bakinsa.

"Babu wurin safa biyu. Maida shi."

Na yi dariya. "Inna, ke da ba ki taɓa wuce Madawa ba?"

Ta ce, "Lokacin yaƙin Turawa an ɗauki babana soja daga Allakaye. Da matsattsen takalmi ya hau dutsen ƙanƙara. Sanyi ya ci mishi yatsun ƙahwa, da bakwai ya komo. Ni nike wanke mishi ƙahwa har ya rasu."

Washegari na aika Yamai aka canzo babba.

Ku fa, me tsofaffinku suka sani da ba ku taɓa tambaya ba?