Shekarar da Hulda Ta Daina Jin Ƙamshi

A Madakiya, in za a yi biki ko jana'iza ko taron majami'a, Hulda ake kira ta tsaya kan tukwane. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ta ba hamsin da biyar baya, kuma kowa Maman Yafet yake ce mata, da sunan babban ɗanta. Ba ta auna komai da cokali. Murfi take ɗagawa, ta sunkuya, ta ja numfashi, ta ce a ƙara daddawa ko a janye itace. Mijinta Gershon tsohon ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, wanda ya koma noman citta bayan ya ajiye aiki.

Wata damina zazzaɓi da mura suka kwantar da ita mako biyu. Da ta tashi, ƙarfi ya dawo, hanci bai dawo ba. Ta ɗauka toshewa ce. Ta yi surace da ganyen lemo, ta sha ruwan citta har maƙogwaro ya yi zafi, shiru. Tana jin gishiri a harshe, tana jin yajin barkono, amma faten accan da take so tun tana yarinya ya zama kamar ruwan ɗumi mai kauri. Ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta.

Asirin ya tonu ne ran taron zumuntar mata, inda mata suka zo daga ƙauyuka bakwai. Hulda tana tsaye kusa da babbar tukunyar wake, waken ya kama daga ƙasa, ƙauri ya ratsa shi duka, ba ta sani ba. Ita da kanta ta zuba aka raba. Matan suka yi cokali biyu uku, suka ture kwanuka a hankali. Sai Rosemary, matar Fasto, ta ja ta bayan ɗakin girki.

"Mama, lafiya kuwa? Tun daga bakin ƙofa ake jin ƙaurin waken nan."

Hulda ta dubi tukunyar, ta dubi Rosemary. Ta kwance ɗankwalin da ta ɗaura a ƙugu, ta ninke shi, ta kama hanyar gida ba ta jira addu'ar rufewa ba.

Mako uku ba ta hura wuta ba. Gershon ne yake dama kunu da gudaji, ya dafa gwaza rabin dahuwa. Ita kuwa sai ta taɓa ta bari, har zanenta ya fara yi mata yawa.

"Baban Yafet," ta ce masa wata safiya, "ci ya zama mini aiki. Mutumin da ba ya jin daɗin abinci, me ya rage masa?"

Ya tare babur, suka tafi asibiti a Kafanchan. Likitar ta duba ta, ta ce ba ƙwayar da za ta rubuta. Sai dai Hulda ta nemi abubuwa huɗu masu ƙamshi mai ƙarfi, ta riƙa shinshina kowanne safe da yamma, tana tuna yadda yake a da. Jin ƙamshin yana iya dawowa, yana iya ƙi.

Daga can suka biya kasuwa, rumfar Dorathy Ifediora, mai sayar da kayan miya. Tun zamanin da mazansu suke aiki tare a tashar jirgi suke ƙawance, ɗakunansu suna kallon juna. Dorathy ta saurara, ta ƙulla mata kanumfari da busasshiyar citta da daddawa, ta ɗora lemon tsami a kai. Sannan ta ƙare mata kallo.

"Mama Yafet, dubi wuyanka. Hanci ne ya tafi, ba kai ne ya tafi ba." Haka Hausar Dorathy take, mace da namiji duk "kai" ne. Ta miƙa hannu wurin mai gasa masara a gefen rumfa, ta karɓo guda, ta karya. "Tauna. Gaya mini me ka ji."

"Ba na jin komai."

"Ƙarya. Tauna kuma."

Hulda ta sake taunawa. Masarar da zafinta, bayan ƙwayar ya ƙone ya yi ƙarfi, cikin kuma laushi da ɗan zaƙi, tana fashewa tsakanin haƙora da ƙara. Ta cinye rabin nan, ta miƙa hannu ta karɓi na Dorathy.

Washegari ta wanke gwangwanayen madara huɗu, ta zuba kayan a ciki, ta jera su a kan taga. Kullum bayan addu'ar safe sai ta ɗauki kowanne ta kai hanci, ta rufe ido. Wata ɗaya, babu. Wata uku, babu. Gershon ya taɓa cewa ko ta huta haka nan, ta ce masa shi da ya shekara talatin yana jiran jirgin da ba ya zuwa kan lokaci, kada ya koya mata gajiya.

Ba ta zauna jiran hancin ba. Ranar Lahadi ta miƙe a gaban matan zumunta ta faɗi abin da ya same ta, ta ce ba ta bar girki ba, amma duk mai hanci ta tsaya kusa da ita. A gida ta mai da Gershon ɗan ɗanɗano, tana miƙa masa ludayi yana hurawa. Ta koyi sauraron tukunya: wake in ruwa ya kusa ƙarewa, tafasarsa takan sauya murya, ta yi nauyi. Ta koyi gane manja daga launinsa.

Sauran abubuwan kuwa da kansu suka riƙa zuwa. Ta gano tana son gauta ɗanye saboda ɗacinsa, abin da da ba ta kula da shi. Ta fara zuba gyaɗa soyayya a kan fate don haƙori ya sami abin yi. In ta dawo daga gona sai ta tsoma ƙafafu a baho na ruwan sanyi, ta hana kowa kiranta sai ƙafafun sun yi yaushi. Shekara fiye da talatin tana jin rurin ruwan Matsirga mai zubowa daga kan dutse daga nesa, ba ta taɓa zuwa don zama kawai ba. Wata Asabar ta ja mijinta suka je, suka zauna kan dutse feshin ruwa yana jiƙa musu fuska.

"Ashe duk rayuwata da hanci kaɗai na yi ta," ta ce masa. "Ubangiji ya ba ni ƙofofi da yawa, ɗaya nake buɗewa."

A wata na bakwai, wata safiya ta ɗauki bokitin dusa za ta kai wa aladun da suke kiwo a bayan gida. Tana tura ƙyauren, wani abu ya doki fuskarta. Ta tsaya cak. Bokitin ya suɓuce.

"Baban Yafet! Baban Yafet, fito!"

Ya fito da gudu da takalmi ƙafa ɗaya, yana zaton maciji ne.

"Ɗakin aladenka yana wari! Wayyo, doyi! Haka kake barinsa?"

Tana faɗa tana dariya, hawaye yana zuba, tana ƙara jan numfashi kamar wadda aka ba turare. Ran nan Gershon ya wanke ɗakin tas, tana tsaye a kansa.

Hancin bai dawo duka ba. Citta ta dawo, lemo ya dawo, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko ya dawo rabi. Kanumfari har yau ba ta jin sa, albasa kuma in ana soyawa warin ƙonanniyar roba take yi mata. Ta karɓi abin da aka mayar mata, ba ta daina shinshina sauran ba.

Da Disamba ta zagayo, aka yi bikin wata 'yar maƙwabta. Hulda ta gama sauke shinkafa, sai ta ji ganguna sun tashi a fili. Ta tuna duk bukukuwan da ta ciyar a garin nan ba ta taɓa ganin amarya tana rawa ba, kullum tana baya cikin hayaƙi. Ta kira mijinta, ta danƙa masa ludayi.

"Tsare mini miyar nan. Kada ka bari ta kama."

"Ina za ki?"

Ba ta juyo ba. Ta kutsa tsakanin matan da zanenta mai tabon manja, suka buɗa mata hanya suna guɗa, ta shiga da'irar ta yi rawa har waƙa uku.