Wuyan Jama'a

Mahaifinmu filo yake sayarwa, shekara talatin da ɗoriya, har sunansa ya ɓace, kowa Mai Filo yake ce masa. Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo, amma akwai dogon benci a ciki, kuma duk wanda ya zo saye sai ya kwanta a kai. Baba zai tambaye ka ta wane gefe kake barci, ya auna tsakanin kafaɗarka da kunnenka da tafin hannu, sannan ya zaro filo uku ya ce ka gwada. In sauri kake yi, to Allah ya ba ka haƙuri. Mama takan ce da mutumin nan yana kula da ita rabin yadda yake kula da wuyan jama'a, da tuni ta yi ƙiba.

Da ciwon gwiwa ya matsa masa, likita ya ce ya huta, sai maganar wanda zai riƙe shago ta taso. Mu biyu ne: Yaya, da ya karanci kasuwanci, da ni, da na tashi ina cusa auduga tun ban kai tebur tsawo ba. Ina son shagon nan kamar raina, kuma wallahi na ji haushi da na ga hankalin Baba ya fi karkata ga Yaya. Baba ya ce kowa ya yi mako guda, shi zai zauna a kujera ya zuba ido.

Yaya ne ya fara. Ranar farko ya fitar da bencin waje, wai yana cin wuri. Maganar gaskiya kaya sun tafi, don Yaya akwai daɗin baki.

A makona na mayar da benci. Rana ta uku wani direban babbar mota ya shigo, wuya a sandare, in zai kalle ka sai ya juyo da dukan jikinsa. Ya ce a ba shi mafi tsada. Na kwantar da shi, na auna, na tambaye shi filon da yake amfani da shi. Ashe sabo ne fil, yana cikin mota. Na sa ya ɗauko, na farke ɗinkin, na rage kusan rabin audugar, na ɗinke. Ya kwanta gwaji, kafin in ajiye allura har ya fara munshari. Da ya farka ya yi ta godiya, ya tafi bai sayi komai ba. Na ce a raina shi ke nan, na yi wa kaina.

Ƙarshen mako Baba ya tara mu a falo, ya dubi Yaya.

"Kai, wane irin filo kake kwana da shi?"

Yaya ya sosa ƙeya. "Baba, ni fa tun ina sakandare ba na sa filo. Takura min yake yi."

Mama ta yi dariya har da riƙe ciki. Baba kuwa ya dafe kai kamar an kawo masa labarin rasuwa.

"Kuma kake kallon ƙwayar idon mutane kana cewa su saya," in ji shi. "To ɗana, ba na jin haushinka. Je ka nemi abin da in ka farka da safe shi za ka fara tunawa, ka sayar da shi."

Sai ya laluba aljihu ya miƙo min makulli.

"Karɓi, Auta. Na koya miki ɗinki da awo, amma tausayin wuyan mutum ba ni na koya miki ba. Gobe ki buɗe da wuri."

Na karɓa da hannu biyu. Yaya ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce, "Auta, Allah ya saka miki, kin cece ni."