Ranar da Aka Cika Mana Laburare da Kwalaye

Ko na manta komai na aikin gwamnati, ba zan manta ranar da alƙaluman ƙasashen duniya suka shigo ɗan laburarenmu na Jahun ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, ni ke kula da wajen: ɗaki ɗaya, tebura biyu, da fanka mai kuka.

Akwai wani magidanci, mai yi wa shanu allura, da ke zuwa kullum bayan la'asar daga rugarsu. Jarrabawar shiga makarantar koyon kiwon dabbobi yake shirin yi, kuma shekarunsa sun kai inda ba za a sake karɓarsa ba idan ya faɗi. Littattafan da yake bukata suna kantar ƙuryar ɗaki, kuma babu irinsu ko'ina a garin sai nan.

Sai aka kawo mana sabon shugaban laburaren jiha a Dutse. Ya je wani taro a Legas, ya dawo da rahoto mai kauri wanda ya jera ƙasashe da yawan littattafan da ke laburarensu. Mutumin nan ya riƙe rahoton kamar jaririn da aka haifa masa. Ya tara mu ya ce mun ba shi kunya, muna can ƙasa. Ban taɓa jin ya tambayi wa ke karatu a wajenmu ba, balle me yake karantawa.

Ba a jima ba sai ga babbar mota ta tsaya a ƙofarmu, cike da kwalayen littattafan da wasu suka gaji da su a ƙasar waje. Na leƙa guda da ya yage. Wani littafin da yaren da ban sani ba, wani kan yadda ake ɗumama gida lokacin dusar ƙanƙara. A Jahun! Aka fitar da tebura, aka jibge kwalaye har rufi, suka toshe kantar ƙurya gaba ɗaya.

Na ce wa shugaba, wanda ya biyo motar da kansa, "Ranka ya daɗe, akwai mai jarrabawa, littattafansa na bayan kayan nan."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Malam, kai matsalarka ba ka da hangen nesa. Kada a taɓa kwali ko ɗaya sai manya sun zo sun gani, an ɗauki hoto." Ya sa aka liƙa wa tulin takarda mai hatimi, ya ce wanda ya yage ta ya yage aikinsa.

Da yamma mai allura ya iso, ya jingine kekensa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo.

"Malam, lafiya? Ko an mayar da wajen sito ne?"

Na ce masa an ce mun ci gaba ne. Bai yi dariya ba.

Na je Dutse na roƙa, aka ce in jira manya. Manya suka ɗaga zuwa, suka sake ɗagawa, har ranar jarrabawa ta zo ta wuce. Ya shiga da abin da ya rage a kansa, bai samu ba. Da ya zo gaya mini, cewa kawai ya yi, "Allah bai nufa ba, Malam." Wallahi ranar na tsani aikina.

Shi kuwa shugaba, a taron shekara aka tafa masa, wai littattafanmu sun ninka. Da damina ta sauka gara ta cinye na ƙasa, amma ba a rage ko ɗaya daga lissafi ba.

Tun daga nan na koyi darasi: duk wanda ya zo mini da alƙaluman wata ƙasa yana so mu kamo ta, sai in tambaye shi wa ya gani zaune yana karatu. Idan ya fara buɗe rahoto, na san wani bawan Allah ya kusa rasa kujerarsa ta karatu.